Almakashin Gwaggo da Awakin Maƙwabta

Gwaggo yayar Babanmu ce. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana taka keken ɗinki, har idonta ya daina ganin kafar allura. Da ta rabu da keken, almakashi ɗaya kawai ta riƙe, babba, mai baƙin hannu. Ta dawo gidanmu aka ba ta ɗakin baya, wanda tagarsa ke kallon wani ɗan fili tsakanin bango da tankin ruwa. Tsawonsa bai fi taku takwas ba. Nan ta dasa gwaiba uku, lemun tsami biyu, zogale, barkono da layin tumatir.

Baba ya daɗe da ɗora ido a kan filin nan. So yake a zuba siminti ya samu wurin ajiye mota. Duk sanda ya ɗauko maganar, sai Gwaggo ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Wata Talata na dawo daga neman aiki, na shigo ta ƙofar baya, hankalina yana kan waya, ban sa sakata ba. Awakin maƙwabta uku, har da wata baƙa, suka biyo ni. Kafin mu ankara sun gama abin da ya kawo su. Gwaibar da ta kai gwiwa ta koma tsinke, zogale babu ganye ko ɗaya, tumatir kuwa tattake shi suka yi.

Baba ya tsaya ya duba, hannunsa a baya.

"Sannu, Yaya," in ji shi. "To, ga shi awaki sun raba gardama. Asabar ta sama magini zai zo."

"Tun yaushe akuya ta zama alƙali a gidan nan, Auta?"

"Yaya, itacen nan fa ya mutu."

"Kai ka yi masa wanka?"

Da ya tafi na matso, ina neman ta inda zan fara. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Na san ke ce. Ɗauko min almakashi da toka."

Ta durƙusa tana bin shuke-shuken ɗaya bayan ɗaya. Sai ta kankare ɓawon da farce, in ta ga kore ta ce, "Wannan yana nan." Sannan ta laluba ƙasa da inda aka tauna, ta nemo idon reshe da yatsa, ta datse a karkace daf da samansa, ta shafa toka. Ta ce bakin akuya kamar yadin da ya zare ne, in ba ka yanke shi tsaf ba, haka zai yi ta bi har ƙasa. Abin da awaki suka bari, ta ƙara rage shi. Ni dai ina miƙa mata toka.

Na ce na karanta a waya cewa taki yana taimakawa.

"'Yar boko ke nan. Ke in kin ji ciwo, ɗura miki abinci ake yi? Inuwa suke so, da ruwa kaɗan."

Muka kifa musu tsofaffin kwanduna, muka lulluɓe sauran da yagaggen gidan sauro. Kullum da safe tana ɗaga kwando, ta leƙa, ta mayar. Tumatir ya bushe, ta tuge shi. A kwana na tara ta kira ni, ta kama yatsana ta ɗora a jikin gwaiba. Wani ɗan tsiro ne ja, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Zogalen kuwa, inda da reshe ɗaya ne, yanzu biyu ne suka leƙo.

Ranar Asabar magini ya iso da yashi da bulo. Ya tarar da Gwaggo zaune a kujera a tsakiyar filin, an kwashe kwanduna, almakashi a cinyarta.

"Mama, ko za ki ɗan gusa?"

"Zan gusa. Fara nuna min mataccen da za ka binne."

Magini ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa. Ya miƙe yana sosa ƙeya, ya kalli Baba.

"Maigida, waɗannan fa da ransu."

"Ƙwayar ganye biyu ce rai?"

"Kai da aka haife ka ko haƙori ba ka da shi," in ji Gwaggo, "kuma ba mu zuba maka siminti ba."

Magini ya juya baya yana tari. Baba ya kalli tsiron, ya kalli yayarsa, ya ga ko ɗankwalinta bai motsa ba. Ya ce shi yana da wurin zuwa, ya shige ciki.

"To Mama," in ji magini, "bulon nan fa? In mayar?"

"Mayar ina? Tunda ya zo, ya zo. Ja min katanga daga tanki zuwa bango, ka bar 'yar ƙofa."

Kafin azahar ya jera layi huɗu, ya fara wanke cebur. Gwaggo ta tashi ta gwada tsayin katangar da ƙugunta.

"Ƙara ɗaya," in ji ta. "Baƙar akuyar nan tana tsalle."