Ranar da Na Soya Shayi da Mai

Gwangwanin bai fi tsawon tafin hannuna ba, amma a gidanmu na unguwar Ammariyya a Jidda ya fi firji daraja. Baba ya ɗora shi a saman kabad ɗin falo, kusa da jakar da yake ajiye iƙamominmu, takardun izinin zamanmu a ƙasar, ya ce duk wanda ya taɓa shi ya fara neman wani uban. Ni kuwa tun ina ƙarama, da zarar an ce kada a taɓa abu, yatsuna ke fara ƙaiƙayi.

Baba direba ne. Ya daɗe yana tuƙa wani injiniya ɗan Japan da ke aiki a inda ake tace ruwan teku. Siririn dattijo ne mai furfura, Larabcinsa guntu-guntu kamar an yanka da almakashi, amma shi da Baba sukan yi hirar awa biyu a cunkoson motoci ba tare da wani ya ɓata ba. Da mahaifiyarsa ta rasu ya tafi gida, ya dawo da wannan gwangwani. Shayi ne na ƙarshe da ta yi da hannunta. Ya ce wa Baba ba zai iya buɗe shi shi kaɗai a ɗakinsa ba. Ya roƙi Baba ya ajiye masa, in ya tashi barin Jidda gaba ɗaya sai ya zo gidanmu su sha tare.

"Amana ce," in ji Baba. Ya faɗi haka sau dubu, har kyankyasan kicin sun haddace.

Mun kuma haddace yadda ake yin shayin, don Baba ba ya gajiya da labarin. Yawancin koren shayin ƙasarsu da tururi ake turara shi kamar dambu. Amma a ƙauyen su injiniya, can kan duwatsu, ɗanyen ganyen ake tsinkowa a zuba a babban kaskon ƙarfe mai zafi wanda aka ɗan karkata. Ana juya shi da hannu yana ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Idan ya yi laushi a kwashe, a murza a kan tabarma, a mayar kasko da wuta kaɗan, a sake kwashewa, a sake murzawa, har ganyen ya bushe ya lanƙwashe kamar harafin wawu na Larabci. Sunansa kama-iri.

"Kama irin wa?" Kaka ta tambaya ranar farko. "Mutanen nan ba su da aikin yi ne?"

Kaka ce ta haifi Baba. Ta zo Hajji tun tana da ƙarfinta, ba ta koma ba, ta goyi 'ya'yanta da sayar da gyaɗa a bakin kasuwa. Yanzu idonta ya yi rauni, hannunta na rawa, amma hancinta na iya gane abin da maƙwabtan hawa na uku suka ci jiya.

Laifina kuwa ga shi. Na cika wa ƙawayena baki a makaranta cewa muna da shayin da sarakunan Japan ke rantsuwa da shi. Suka ce ƙarya nake. Wata rana da gidan ya yi shiru na hau kujera, na sauko da gwangwanin, na ɗauki hoton ganyen. Murfi biyu gare shi, na ciki da na waje. Ina jin takun Baba a matakala sai murfin cikin ya suɓuce ya faɗa bayan kabad. Na kifa na wajen a karkace na mayar, na ce gobe zan gyara. Goben nan ta yi mako uku, a lokacin da iskar Jidda ke da ruwan da za a iya matsewa a yi alwala, ga na'urar sanyaya falon ta mutu.

Ranar Juma'ar da baƙon zai zo, Baba ya saka farar jallabiyarsa ta Idi. Umma ta haura gidan maƙwabciya inda suke dafa shinkafa a babbar tukunya.

"Daga masallaci zan wuce in ɗauko shi," Baba ya ce mini. "Ki sauko da gwangwanin ki goge ƙura. Gogewa kawai na ce."

Yana fita na buɗe. Ganyen da na gani a hotona yana sheƙi, yanzu ya yi laƙwas. Na matsa ɗaya, bai karye ba, ya lanƙwasa kawai. Na sunsuna. Warin cikin kabad ne, warin tsohon bargo da ba a shanya ba.

Na kai wa Kaka a ɗakinta. Ta sunsuna sau ɗaya ta ɗago kai.

"Ja'ira. Kin kashe ubanki da kunya."

"Kaka, don Allah."

"Bai yi fumfuna ba, sanyi ne kawai ya kama shi. Gyaɗa ma takan yi haka. Je ki ɗan soya shi sama-sama, bari in yi salla in zo."

A nan ne Hausata ta ci amanata. A Jidda aka haife ni, Hausar da nake ji ta fi wadda nake yi. Da Larabci abin da ake jefawa a mai kalmarsa daban, abin da ake juyawa a busasshen kasko kamar gahawa shi ne tahmis. Ni duk abin da na taɓa ji an ce a soya a gidanmu, ƙwai ne, ko dankali, ko ƙosai. Na ɗora kaskon Umma, na zuba mai har da ƙari don kada ya kama, na juye rabin ganyen. Allah ya taimake ni kaskon ƙarami ne.

Ya yi "caaa!" kamar albasa. Har na ji daɗi, na ce ashe ni ma 'yar Japan ce.

Kaka ba ta taɓa gudu a gabana ba sai ranar. Ta shigo da carbi a wuya, ta kashe wutar, ta tsaya a kan kaskon. Ganyen ya yi baƙi yana ninƙaya.

"Mai? Mai kika sa?"

"Ke kika ce in soya!"

"Gyaɗar da na yi shekaru ina soyawa, kin taɓa ganina da kwalbar mai? Balarabiyar ƙarya! Larabcin bai ishe ki ba, Hausar ta gudu ta bar ki!"

Wayata ta yi ƙara. Baba ne.

"Mun taso, muna wajen unguwar Safa. Komai lafiya?"

"Lafiya lau, Baba." Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya.

Kaka ta ce in buɗe tagogi duka, in jawo akwatinta na ƙarƙashin gado. A ciki, naɗe da tsohon zane, kaskon gyaɗarta ne, baƙi ƙirin, mai nauyin jaki. Ta ce tun da aka ƙera shi mai bai taɓa shi ba. Muka goge, muka ɗora a ƙaramar wuta. Ta shimfiɗa tafinta a sama da shi tana jin zafin, sannan ta dubi hannun nata yana karkarwa.

"Ba zan iya ba. Zan zubar. Ke za ki yi."

Na ɗauko cokali. Ta buge mini hannu.

"Cokali ba ya jin zafi, shi ya sa yake ƙona abu. Matar nan da hannu ta yi. Zuba."

Na zuba abin da ya rage, duk abin da ya rage a duniya na hannun matar da ban taɓa gani ba. Na sa yatsuna. Zafin ya haura har kunnena.

"Ɗago ki watsa. Kada ki bar shi ya kwanta. Ɗago! Ba shafa kan mage na ce ba."

Ina ɗagowa ina sakewa, ina ɗagowa ina sakewa. Da farko ganyen ba ya ƙara, faɗuwa yake kamar tsumma. Warin bargon ya taso ya cika mini fuska. Kaka ta rufe ido ta karkato kunne.

"Kaka, ya yi?"

"Yi shiru, ina sauraro."

Waya ta sake ƙara. Na danna da gwiwar hannu.

"Mun shigo Bagdadiyya. Ki ɗora ruwa, amma kada ki sa sukari ko na'ana, kin ji? Shi ba a yi masa haka."

Daga Bagdadiyya zuwa ƙofarmu, ranar Juma'a da titi ba kowa, ko fatiha ba ka gama ba ka iso. Na fara kuka, Kaka ta ture mini fuska gefe don kada hawaye ya ɗiga a ciki.

"Sauke. Juye a faranti ya sha iska. Yawwa. Mayar."

A zagaye na biyu ƙarar ta canza. Ganyen ya fara shiri-shiri a jikin ƙarfen, kamar ana taka busasshiyar ciyawa. Wani ƙamshi ya taso da ban taɓa ji ba, tsakanin gyaɗa da sabuwar tabarma.

"Halas! Sauke!"

Na ce a ƙara kaɗan. Ta ce ƙara kaɗan ne ya mayar da gyaɗar mutane da yawa gawayi. Muna fifita shi da murfin tukunya muka ji ƙofar mota. Na zuba shi a gwangwani da sauran ɗuminsa, na cusa kaskon mai a cikin tanda, na ja mayafi.

Baƙon ya cire takalmi ya jera su kamar za a ɗauke su hoto. Ya rusuna wa Kaka, ita ma ta rusuna, ya ƙara, ta ƙara, sai da Baba ya raba su. Na kawo tire ina ɓoye yatsuna a ƙarƙashinsa.

Baba ya ɗauki gwangwanin da hannu biyu zai miƙa. Na ga lokacin da ya ji ɗumin. Ya buɗe. Babu murfin ciki, ganyen ya koma rabi, korensa ya yi duhu. Bai dube ni ba. Da ma ya dube ni.

Baƙon ya karɓa ya kai hanci, ya daɗe.

"Wuta," ya ce da guntun Larabcinsa. "Sabuwar wuta."

Baba ya buɗe baki. Na san abin da zai ce: laifinsa ne, shi bai kula ba. Mutumin da bai taɓa makara ba ko sau ɗaya zai rabu da abokinsa a matsayin wanda aka ba ajiya ya tozarta. Kafin ya yi magana na riga shi. Na faɗi komai da Larabci, a hankali yadda baƙon zai gane: hoton, murfin, mako ukun, man. Na je na ɗauko kaskon daga tanda na ajiye a gabansa, tun da abin kunya ya riga ya fito.

Ya dubi baƙin ganyen cikin mai. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ɗayan kaskon?" ya tambaya.

Na kinkimo na Kaka. Ya shafa cikinsa da tafi, ya ɗaga ya ji nauyinsa. Sannan ya nuna hannuna. Na buɗe. Kan yatsun sun yi ja, biyu sun fara tasowa. Ya gyaɗa kai kawai.

Shi ya haɗa shayin da kansa. Ya bar ruwan ya huce kaɗan, ya zuba, ya jira, ya raba a ƙananan kofunanmu na gilashi har ɗigon ƙarshe. Ruwan ya fito kalar zuma mai haske. Ya kurɓa.

"Ba nata ba ne," ya ce.

Baba ya sunkuyar da kai.

Ya sake zuba ruwa a kan ganyen nan, ya sake rabawa. Wannan karon ya riƙe shi a baki, idonsa a rufe.

"Yanzu ita ce. Tana ƙasa, ƙarƙashin wutar." Ya ce idan damina ta yi tsawo shayi ya sha sanyi, mahaifiyarsa ma takan mayar da shi kasko, shi kuma yana yaro yakan yi ƙorafin ɗanɗanon ya canza. Ya dubi Baba ya ɗora hannu a ƙirji. "Amana ta iso. Rabinta."

Kaka ta kurɓi nata ta yatsina fuska.

"Duk wannan tashin hankalin a kan ruwan zafi? Miƙo mini sukari."

Wanda na soya da mai kuwa, Kaka ta ce ba a zubar da abinci. Ta daka shi da ƙuli-ƙuli da gishiri, ni kaɗai aka riƙa barbaɗa wa a shinkafa har ya ƙare. Ɗacinsa na nan a maƙogwarona har yau.

Kwana biyu Baba bai yi mini magana ba. Ranar da ya kai abokinsa filin jirgi ya dawo da leda a hannu, ya ajiye a gabana. Ɗanyar gyaɗa ce.

"Soya," ya ce.

"Da mai ko..."

Takalmin Kaka ya same ni a kafaɗa kafin in ƙarasa. Wai kuma ita ce ba ta gani.