Ranar da Na Kira Rabo da Sunansa na Cikin Ɗaki

Jama'a a gyara zama, a kawar da yara daga hanya. Ga Rabo mutumin Gusau, sarkin tukwanen unguwar Anbariyya, wazirin funkaso, wanda ƙamshin miyarsa ya taɓa sa wani alhajin Turkiyya ya manta lambar ɗakinsa. Ni Sanusi, direban da ke kai masa kaya, ni na naɗa masa duk waɗannan sarautu. Shi bai ma san an yi ba.

Umra ta kawo shi Madina tun ina rarrafe. Wani mai masauki ya ɗanɗana girkinsa, ya zama kafilinsa mai tsaya masa wajen hukuma, ya yi masa iƙama, wato takardar zama, a matsayin kuku. Shekara ashirin da 'yan kai yana kan murhu ɗaya. Ni kuwa cikin shekara biyu na yi wankin mota, na yi dakon dabino, na yi gadi na kwana tara, kafin in dace da sitiyari.

Rabo ɗan daudu ne. A gida kowa ya san irinsu, a nan kuwa ba a faɗa. In hira ta yi daɗi sai ya karya wuyan hannu ya tafa, in ya shiga kicin ya ɗaura zane a kan jallabiya. Da ya fito titi sai ya haɗa hannayensa a baya, ya yi tafiyar dattawa har Harami. Ranar Alhamis da la'asar abokansa kan zo, su Ɗan'inna tela, a tura ƙofa, a dafa shayi, a yi ta shewa ƙasa-ƙasa. A can ciki Lami suke kiransa. Ta taga na ji, ina jiran a ba ni makullin mota.

Na taɓa tambayarsa, "Wai Baba Rabo, kai a wane layi za a sa ka, na maza ko na mata?"

Bai daina yanka albasa ba. Ya ce, "Inda Allah Ya ajiye ni. Kai dai Rabo ka sani, ya ishe ka."

Bai ishe ni ba, don bakina ba ya zama wuri ɗaya.

A shekarar 2002 aka kira shi girkin biki a unguwar Aƙiƙ, gidan Hajiya Shafa'atu. 'Yan ƙasa ne, kakanninsu suka zo hajji a ƙafa daga Katsina suka zauna. Da hantsi muna sauke kaya a tsakar gida, jikanta Saif na tsaye cikin farar jallabiya da jan shimagi a ka, yana latsa waya. Na ce masa ina kwana, ya ce min "hala", gaisuwar Larabawa. Na ce yaya hidima, ya sake cewa "hala". Nan na yanke hukunci cewa Hausar gidan ta ƙare a kan tsohuwa.

Sai na karya hannu, na siranta murya. "Ke Lami, uwar ɗakina, ina za a ajiye miki tukunyar?"

Ludayin Rabo ya tsaya a cikin miya.

Saif ya ɗago. Ya yi tambaya da Larabci, da ya ga na yi kamar ban ji ba, ya maimaita da wata Hausa mai ɗingishi amma sarai: "Wace ce Lami? Don me kana kiran namiji Lami?"

Saif ya san kafilin Rabo, layi ɗaya shagunansu suke. Waya ɗaya ta isa a ƙi sabunta iƙama, a sa dattijon a jirgi da jaka ɗaya.

Na ce, "Wallahi haukata ce, kowa ina laƙaba masa suna."

Ya dubi zanen da ke ƙugun Rabo. "Shi irin waɗannan ne?"

Na ce, "Shi kuku ne. Abin da ya wuce nan ba nawa ba ne balle in faɗa. In kora za ka yi, ni ka kora, ni na yi rashin kunya."

Bai kula ni ba. Ya shige ciki yana kiran kakarsa, "Ya sitti."

Rabo ya ci gaba da juya miya. Bai zage ni ba, na so ma a ce ya zaga.

Can sai ga tsohuwa ta fito tana dogara sanda, Saif a bayanta.

"Rabo, ina kwana? Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Hajiya."

"Wannan mai dogon bakin naka ne?"

"Direba ne."

Ta juyo kaina. "Kai yaro, wa ya ba ka sunan nan ka riƙe?"

"Ba kowa, Hajiya."

"To ka mayar da shi inda ka ɗauko." Ta waiwayi jikanta. "Kai kuma, shi ya dafa abincin sunanka, shi ya dafa na sadakar kakanka. Abin da ka gano yau, na san shi tun uwarka ba ta yi cikinka ba. Halas, magana ta ƙare. Je ka sayo ƙanƙara."

Saif ya sumbaci kanta ya fita. Fuskarsa ba ta saki ba, har aka watse bai sake kallon inda Rabo yake ba, amma wayar ta koma aljihu. Ni dai na zauna a kan buhun shinkafa. A zaunen nan na gane cewa masu kiransa Lami sun sha irin abin da ya sha, shi ya ba su izini. Ni satowa na yi.

A hanyar komawa bayan la'asar na kasa haƙuri. Na ce, "Baba Rabo, ka yafe min. Daga yau ni ne dogarinka. Duk wanda ya buɗe baki a kanka daga nan har Jidda, da ni zai yi. Ka ga dai yadda na tare wancan yaron."

Yana kallon titi ya ce, "Ai ka riga ka wuce kwanarmu."