Sifikar Baba

Shekarun da na yi a Dubai, aikina haɗa sifikoki ne a gidajen masu hali. Kamfaninmu yana Al Khabaisi, ni kuma ina kwana a Hor Al Anz cikin ɗaki ɗaya da wasu 'yan uwa. Kullum aikin iri ɗaya ne: sifika biyar a kewayen falo, ta shida mai gurnani a ƙasa, kujerar maigida a tsakiya. Sai ka hau tsani, ka ja waya, ka manna wa kowace lamba.

Lambar nan ta ishe ni. A tsarin kamfaninmu ta hagu ce ɗaya, ta dama biyu, ta tsakiya uku. Masu harkar fim su ce ta tsakiya ce biyu. Akwai ma tsarin da ya sa ta tsakiya a farko. Injiniyoyinmu sai su ɓata rabin yini suna musu a kai, ni ina tsaye da waya a hannu, bayana na ciwo. Abin da kowa ya yarda da shi guda ne: maganar mutum ta tsakiya take fitowa, sauran kiɗa da iska suke ɗauka.

Kafin korona na sami saiti na hannu mai kyau, na ce Baba zan aika wa. Mahaifina mutumin rediyo ne, ga kunnensa ya fara nauyi, 'yar rediyonsa ta daina isarsa. Na manna lambobi irin na kamfaninmu a jikin kowace sifika da wayarta, na kai wa masu jigilar kaya a unguwar Port Saeed, na ce wa ƙanena ya bi lamba kawai, ko makaho zai haɗa.

Kaya suka isa Kano, aka yi ta sa albarka. Daga nan aka rufe hanyoyi, hutun da na sa rai da shi ya bi ruwa. A cikin watannin nan ne Baba ya daina karɓar wayata. In na kira sai Inna ta ce yana hutawa, ko ya ce a gaishe ni. Na ɗauka fushi yake don na daɗe ban zo ba, abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Sai na matsa wa Inna, ta ce, "Ba fushi ba ne. Cewa ya yi kunnen ya tafi, kada ya wahalar da kai kana ta ihu. Ko majalisa ya daina fita."

Wata Juma'a na sa ƙanena ya kira ni ta bidiyo, ko fuskarsa in gani. Baba na zaune a kan buzu ya rame, ya ɗaga mini hannu. A saitin kansa, jikin bango, ga sifika guda ɗaya rak, da lamba ɗaya da rubutun hannuna.

Na ce, "Ina sauran?"

Ƙanena ya ce, "Ai rabawa aka yi, Yaya. Ɗaki ɗaya ya cinye shida? Na ƙaro waya. Baba ɗaya, Inna biyu, Gwaggo uku, babbar tana zaure."

"Wa ya ce ka raba?"

"Kai ka ce a bi lamba. Kuma wa zai ba Baba ta uku a gidansa?"

Na dafe kai. Akwatin rediyon da ke rarraba musu sauti, yadda na saita shi, maganar rediyo gaba ɗaya ta uku yake turawa. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke can ƙuryar gida, ita ke shan labarai raɗau, mutanen tsakar gida suna jiyowa suna zaton ko'ina haka ne. Ta Baba kuwa sai ɗan shuu. Shi kuma ba zai buɗe baki ya kushe kyautar ɗansa ba. Ya ga kaya daga Dubai, kowa na yabo, shi ba ya jin komai, sai ya ɗora wa kunnensa laifi. Tsohuwar rediyon ma ya bayar da ita.

Faɗa ya zo mini har wuya, amma ƙarfin yinsa babu. Na ce wa ƙanena ya ɗauko rimot, na nuna masa maɓallin da ke aika murya ga dukansu. Ya danna. Muryar mai labarai ta cika ɗakin, har sai da Baba ya zabura. Ya juya ya daɗe yana kallon bangon, ya taɓa kunnensa, ya ce a rage, ta yi ƙara.

Sai ya miƙo hannu ya karɓi wayar, ya manna ta a kunne, ba na ganin komai sai gefen hularsa.

"Kai, yi magana in ji."

Na ce, "Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ashe ina ji." Sannan ya ce, "To yaushe za ka dawo?"

Jirage ba sa tashi, kamfani na ta sallamar mutane, wanda ya tafi gida ba ya dawowa aiki. Na ce, "In Allah ya yarda, Baba," a hankali yadda na saba yi in ina so maganar ta wuce.

Ya ce, "Na ji ka sarai. Yaushe na ce."