Duwatsun Alwalar Yaya Mai Fulawa

Shekara ashirin da biyar ke nan da muka kai Yaya Ɗanjuma makwancinsa. Mutanen Kazaure ba su cika kiransa da wannan suna ba, Mai Fulawa suke ce masa. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya kama hannuna ya kai ni makarantar bokon da shi bai samu shiga ba. Na gama na zama akawu mai buga tafireta a ofishin hukuma, shi kuwa lebura ne mai kula da shuke-shuken gaban ofishin nan. Tunda tsufa ya raba ni da ɓoye-ɓoye, bari in faɗa: kunyarsa nake ji a lokacin. Ina shigowa da safe da farar rigata a goge, in same shi durƙushe cikin laka, sai in gaishe shi a gurguje in wuce.

Zamanin kuɗin mai ne. Hukuma ta ce a ƙawata gari, aka ba Yaya filin da ke tsakanin ofis da ƙaramin masallacin ma'aikata. Ya dasa darbejiya a jere, ya yi shinge da lalle, ya kuma samo irin wata fulawa mai jan fure a wurin Madam Rifkatu, wata ungozoma 'yar Filato da ta daɗe a cikinmu. Shuke-shuken ba su kai ga yin ƙwari ba sai ga babban farin nan da duk tsarana ke tunawa. Damina ta yi gardama, gero ya ƙone a tsaye, rijiyoyi suka ƙafe, shanun Fulani suka riƙa faɗuwa a hanyar Roni. Famfo kuwa sai da safe ake buɗe shi, mata su yi layi har rana ta take.

A irin wannan shekara, wa zai kalli fure? 'Yan gari suka sa Yaya a gaba da ba'a. In ya wuce sai a ce, “Mai Fulawa, taka ana burodi da ita kuwa?” Gaskiyarsu ce ta wani fanni: mutane na neman fulawar ci, shi yana rainon fulawar kallo. Shi dai ya ci gaba da aikinsa.

Sai ga doka ta fito daga sabon Sakataren da aka turo mana daga Kano. Ni na buga ta, ni kuma na karanta wa Yaya. Ta ce ruwan famfo na sha ne da girki da alwala kaɗai, kuma duk ma'aikacin da aka kama yana ba shuka ruwa, a bakin aikinsa. Yaya yana da 'ya'ya shida, gonarsa kuma ba ta ba shi ko dami ɗaya ba a shekarar. Na ce masa ya haƙura, ya bar su su mutu.

Ya ce, “Sake karanto mini abin da aka yarda.”

Na ce, “Sha, da girki, da alwala.”

Ya ce, “To, madalla.” Ya saɓa fartanyarsa ya tafi.

Ran Asabar da babu aiki, sai ya kwashe duwatsun da muke tsugunawa a kai mu yi alwala a ƙofar masallaci. Ya rarraba su cikin fili, kowane dutse a gindin shuka ɗaya. Gaban kowanne ya yi ɗan rami mai gangara zuwa saiwa, ya rufe da ƙaiƙayi don kada rana ta shanye laimar. Da aka tambaye shi dalili, ya ce tsohon wurin ya yi santsi, kada wani dattijo ya zame. Ba wanda ya sake tunani a kai. Kowa ya ɗauki butarsa ya bi dutse inda ya gan shi, har da direbobin tasha da 'yan kasuwar da ke tsayawa salla. Ni kaina, da duk bokona, wata uku ina alwala a gindin wata darbejiya ban gane komai ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Wata uku kuwa gari ya yi fari fat, in ban da filin Yaya. Lalle ya yi tofo, jar fulawar nan ta fashe da fure kamar ba ta san abin da ake ciki ba. Nan fa magana ta tashi: ai satar ruwan famfo yake yi. Har aka samu wanda ya rantse ya gan shi da tulu. Sakatare ya kira ni ya ce in buga takardar sallamar lebura Ɗanjuma, alhali ya san sarai wana ne. Na so in ce a bincika tukuna, amma tsoron rasa kujerata ya hana ni. Na zauna na buga ta, ko harafi ɗaya ban kuskure ba. Wannan abu har gobe yana ci mini rai.

Aka kira Yaya. Ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya durƙusa, aka karanta masa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, na ji. Alfarma ɗaya nake nema. A bar ni zuwa azahar, zan nuna maka wanda ke ba su ruwa.”

Azahar ta yi, ladan ya kira salla, duk ofis muka fito. Sakatare ya karɓi butarsa, ya tsuguna a dutsen da ya saba, wanda ke gindin jar fulawa, don nan ne ya fi ƙamshin lalle. Yaya ya tsaya gefe, hannu a baya, har mutumin ya wanke ƙafar hagu. Sannan ya matso ya ɗaga ƙaiƙayin da yatsa. Ga ruwa nan yana gangarawa yana shigewa cikin saiwa.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan kam kai ka raine ta. Waccan ta Alƙali ce. Wannan darbejiya kuma ta ƙanena ce, shi da ya fi kowa ɓarnar ruwa, shi ya sa ta fi girma.”

Sai Sakatare ya dubi butar hannunsa, ya dubi furen, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “Ashe ni ne ɓarawon!” Wallahi ban taɓa jin shewa irin ta ranar ba. Direbobi na tafi, ladan na cewa a yi sahu mana, ba wanda ke jin sa. Bayan salla Sakatare ya yaga takardar a gaban kowa. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Da yamma na je gida ba shi haƙuri, ya katse ni ya ce, “Na ji an ce ka buga ta ba kuskure. Ashe karatun bai tashi a banza ba.” Daga ranar ban ƙara wuce shi ba sai na durƙusa.

An ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa, to Yaya duwatsu ya jera suka ba shi furanni. Kafin damina ta dawo, ana zuwa daga Roni da Gwiwa da Babura a ga yadda ya yi, a karɓi iri. Madam Rifkatu ta ce ita ba ta alwala, amma ta iya wanke shinkafa, ta mai da ruwan girkinta gindin shukar ƙofar gidanta. Masu yi masa ba'ar burodi su suka fara rigimar wurin zama a inuwarsa.

Yau in na bi ta wurin, nakan tsaya in tambayi kaina me Yaya zai ce. An gina wurin alwala na siminti mai famfuna a jere, ruwa na kwarara cikin kwata yana fita titi. Can gaba kuma an dasa furannin kwangila a shataletale, aka ba su ruwa da tanka ranar buɗewa, bayan wata biyu suka zama kara. Na san ba zai zagi kowa ba. Zai tsaya ne hannu a baya, ya dubi kwatar nan, ya tambaya a hankali ina ruwan yake zuwa.

Bai bar gidan bene ba, bai bar mota ba, ko sunansa ba a rubuta a jikin komai ba. Amma darbejiyoyinsa goma sha wani abu suna nan, mutum biyu ba sa iya rungume ɗaya, kuma 'yan acaɓan da ke hutawa a ƙarƙashinsu ba su san wa ya dasa ba. Shi ba zai damu ba. Ranar jana'izarsa a filin nan aka taru, jama'a suka yi yawa har ana layi a kan kowane dutse. Ina tsaye ina kuka sai na lura ramukan duk sun cika sun tumbatsa. Tun da ya dasa su ba su taɓa ƙoshi irin na ranar ba.

Dutsena yana nan har yanzu, saiwa ta ɗan ɗaga shi gefe guda. Duk Juma'a nakan wuce famfunan siminti da butata, in lallaɓa in tsuguna a kansa duk da ciwon gwiwa. Ba na yi wa ruwan rowa. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa shi a inuwar da ta fi wadda ya bar mana.