Raki da Bidiyon 'Yan Sanda

Raki 'yar Gwale ce ta Kano, amma shekararta goma sha tara a unguwar Lozells, can ƙasar Turawa, tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Mace ce mai saurin fushi, ta kuma iya cike takarda. Duk wanda council, wato ƙaramar hukuma, ta aiko wa wasiƙar da bai gane ba, ƙofarta yake bugawa.

Yayanta Nazir yana Salford kusa da Manchester, yana gadi a wani ma'ajin kaya. Yana da farfaɗiya tun yana yaro. Wata Talata da hantsi ta buge shi a tashar tram, jirgin ƙasa na cikin gari. Da ya farfaɗo sai ya gan shi da ankwa, haƙorinsa ɗaya ya karye. 'Yan sanda suka rubuta cewa a buge yake, kuma ya kai wa ɗayansu naushi.

Washegari Raki ta hau jirgin ƙasa zuwa Manchester. Ta same shi a flat ɗinsa, ya ƙi fita ko masallaci.

"Yaya, kai ka yi naushin?"

"Ban tuna komai ba, Raki. Ki bar maganar."

"Mutumin da ko ƙamshin giya bai sani ba a rubuta masa maye? Wallahi ba zan bari ba."

Ta san akwai kyamara a ƙirjin kowane ɗan sanda. Ta rubuta musu tana neman bidiyon da kuma muryar wanda ya kira su a waya da Nazir ya faɗi. Aka ce sai mai abin ya nema da kansa. Ta sa shi ya sa hannu. Aka ce hoton fasfonsa bai fito sosai ba. Ta sake aikawa. Aka ce ta jira wata guda, wata ya cika aka ƙara mata biyu. Kullum tana fitowa daga gidan wata tsohuwa sai ta tsaya a bakin titi ta buga musu waya, har matar da ke ɗauka ta gane muryarta.

Da bidiyon ya iso, an dusashe fuskoki, an kuma yanke minti huɗu a tsakiya, daidai inda haƙorin ya karye. Raki ta kalla sau uku. Amma muryar wayar tana nan cif. Matar da ta kira ta faɗa har sau biyu cewa mutum ne ya faɗi yana jijjiga, a turo motar asibiti. A bidiyon ma babu naushi, hannun mara lafiya ne yake fizga.

Ta haɗa komai ta shigar da ƙorafi. Bayan wata bakwai aka goge maganar maye da naushin, aka aiko da wasiƙa mai layi biyar cewa za a ɗauki darasi. Ba wanda ya ba da haƙuri. Nazir ya ce ya yafe, ya koma aikinsa. Raki ta ce ita ba ta yafe ba, kuma a satin nan ta aika takarda ta shida tana tambayar wanda ya yanke minti huɗun.