Awarwaron Dije da Na Sayar Sau Biyu

Ban taɓa mantawa da ranar da Sarkin Maƙera ya tsugunar da ni gaban matan Fulani biyu a kasuwar Kankiya ba. Zamanin Turawa ne, ba da daɗewa ba da dawowar sojoji daga yaƙin Bama. Ku da kuke koyo yanzu ku san cewa mu maƙeran farfaru ne, masu zobe da munduwa da awarwaro. Na babbaƙu su ke da garma da lauje. Dukanmu muna ƙarƙashin Sarkin Maƙera, shi ke ba mutum rumfa, shi ke kuma ƙwacewa.

A shekarun nan sana'a ta yi sanyi. 'Yan koli sun cika kasuwa da awarwaron kanti mai araha, sai in wuni ina zuga wuta don kada a ce rumfar ba kowa.

Ana haka wata mai tallan nono, Dije, ta zo mini da buƙata. Unguwar da take da masu saye nan dangin uwar mijinta suke, kunya ba ta barinta ta ɗaga murya ta yi talla. Awarwaro take so wanda za a ji daga bayan katanga a san ita ce. Na haɗa mata shida, huɗu na tagulla, biyu na goran-ruwa sirara, na yi ta ragewa da zarto ina kaɗawa har ƙararsu ta fita daban. Kafin wata ya zagayo, matan da ke kulle da sun ji ƙarar sai su ce, "Shigo, Dije."

Sai ga wata Daso, ita ma mai nono, ta ce irin na Dije take so sak. Na san abin da take nufi sarai. Amma na ce a raina, ni ƙarfe nake sayarwa, in sun haɗu a lungu su ƙarata. Na ƙera mata har da ƙarin gogewa.

Daso ta riƙa sammako. Ta tsaya a zaure ta girgiza hannu, a ce ta shigo. In aka ga ba Dije ba ce, nauyin baki ya hana a kore ta, a saya. Dije ta iso ta tarar kowa ya dama furarsa. Kwana biyar tana komawa ruga da nono, sannan ta kai ƙarata wurin Sarkin Maƙera.

Sarki ya sa matan biyu bayan zana, ya ce ɗaya ta girgiza.

Ya dube ni ya ce, "Tanimu, wace ce wannan?"

"Dije ce, ranka shi daɗe."

Daso ta leƙo tana dariya. Aka sake, na sake faɗuwa. Maƙera suka yi ta tuntsurawa, ni kuwa gumi har cikin wando.

"To mi ka sayar ma ɗiyar mutane, in kai da ka ƙera ba ka iya rarrabewa?" in ji Sarki. "Ka narkar da na Daso. Nan da kasuwa mai zuwa ka yi mata wanda za ta so, wanda ko kurma ba shi cewa na Dije ne. In ka kasa, ka ɗauke uwar maƙerarka ka bar rumfar."

Daso ta ce, "Ni hwa in bai hi nata daɗi ba, ban amsa."

Na tsorata ƙwarai, don rumfar nan ta ubana ce. Sau uku ina narkarwa. A na huɗu na yi masu kauri da tagulla zalla, ƙararsu ƙasa-ƙasa. Na ce wa Daso wannan muryar manyan mata ce, na Dije na yara ne. Na ce wa Dije nata ne mai zaƙi, na Daso kamar an kaɗa tukunya. Kowace ta tafi tana jin ita ta ci, Sarki ya bar mini rumfata.

Labarin shari'ar ya zaga rugage. Masu nono daga Kusada, Yashe da Mawashi suka yi ta zuwa, kowace tana son tata ƙarar. Na bar zobe da 'yan kunne ga masu so, na tsaya kan wannan kaɗai, ban kuma sake yin biyu iri ɗaya ba. Abin da na koya ke nan: ka tambayi mai saye me za ta yi da kayan kafin ka hura wuta, don wani lokaci ba ado take nema ba.

Bayan rasuwar Dije, ɗiyarta ta gaji tallan, ta kawo mini awarwaron ta ce in sauya musu ƙara. Duk gidan da ta tsaya, tsofaffi sai su kira sunan uwarta, in ta shiga su fashe da kuka. Na narkar da su da hannuna. Ta tambaye ni me ya sami idona, na ce mata hayaƙi ne.