Ranar da Taubashina Ya Yi Shiru

A Bukkuyum na koyi shan kofi, lokacin da nake tsaron injin niƙa dutsen zinari. Baƙin da suka zo haƙa daga ƙasashen yamma ne suka koya mini: baƙi wuluk, ba madara, sukari ɗan kaɗan. Ranar farko tofarwa na yi, suka yi ta dariya. Kafin damina ta fita ni ne mai tambaya ko ruwa ya tafasa. Da gubar dalma ta yi ɓarna a ƙauyukan Bukkuyum da na Anka aikin ya lalace, na tattara na koma Gummi na kama noman shinkafa a fadama. Ban dawo da arziki ba, da shan kofi kawai na dawo.

Kowace safiya bayan sallah nakan zauna teburin mai shayin bakin kasuwa, kuma a nan nake haɗuwa da taubashina. Ɗan kawuna ne, ni ɗan mace, don haka tun muna yara bawa nake a bakinsa. Sana'arsa bandar kifi, amma babban aikinsa ni ne. Hulata, tafiyata, shinkafata da tsuntsaye suka cinye, babu abin da ya tsira. Ni kuma in ce mai warin kifi ba shi da bakin magana a cikin mutane. Haka muka yi furfura.

Ciwon ya same ni a fadama da hantsi. Na sunkuya zan ɗaga injin ban-ruwa sai na ji kamar an aza mini buhun shinkafa a ƙirji. Hannun hagu ya mutu, gumi ya wanke ni. Aka ɗora ni a babur zuwa asibitin gari, daga can mota ta kai ni Sakkwato. Mutane suna tambayata ko na ji tsoro. Ban ji ba. Abin da na fi tunawa shi ne fankar ɗakin da ba ta juyawa, ina kwance ina kallonta, ban damu ta juya ko kada ta juya ba.

Ranar sallama likita ya ce bugun zuciya ne, kuma na auna arziki. Ya hana ni taba, ya ce in rage gishiri da maiƙo, in riƙe magani kamar salla. Na tambaye shi kofi. Ya ce ɗaya da safe ba laifi, kada dai in wuce gona da iri. Ƙanena yana tsaye, da kunnensa ya ji.

Da muka iso gida ya maimaita wa Inna, ita kuwa ta yanke nata hukuncin.

"Likitan ga yaro na," in ji ta. "Abin ga baƙi mai ɗaci shi yaƙ ƙone mai zucciya. Kowa yab ba shi, ban yahe ba."

Gwangwanin kofina ya ɓace daga ɗaki a ranar. Sai 'yan dubiya suka fara zuwa da kwanoni: farfesun kan rago, tuwon shinkafa yana ninƙaya cikin man shanu, wai don jini ya dawo. Duk abin da likita ya hana, shi aka yi ta ɗura mini da ƙauna, abu ɗayan da ya yarda da shi kuma aka kulle. Da can da na yi faɗa har maƙwabta su ji. A lokacin ko kaɗan raina bai ɓaci ba. Nakan ɗan taɓa abincin, in haɗiye ƙwayoyina, in koma kallon bango.

Taubashina ya zo dubiya. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya zauna a gefen tabarma, ya ce, "Sannu ɗan'uwa. Allah shi ƙara sauƙi."

Bai taɓa ce mini ɗan'uwa ba tunda aka haife mu. Mutumin nan ya yi wa yayana tsiya ranar da ya karye a ƙafa, ana cikin ɗori yana ihu. A wurinmu taubashi ba ya raga maka don kana ciwo. Wanda aka cire rai da tashinsa kawai ake ragawa. Wannan ne abu na farko da ya ratsa ni tun faɗuwata a fadama, kuma na ƙudura sai na sa ya sake zagina.

Bayan an yanke shinkafa na samu ƙarfin takawa har bakin kasuwa. Ina isowa aka matsa mini, aka ba ni gefen benci mai jingina da bango. Na ce a haɗa mini kofi. Mai shayi ya juya mini baya yana haɗawa, abin da bai saba yi ba. Da ya ajiye tambulan a gabana sai na ga ina hango katakon tebur ta cikinsa. Ruwan zafi ne aka nuna wa kofi a bakin cokali. Ƙanena ya riga ni zuwa ke nan, kuma kowa a teburin ya sani, don duk sun duƙufa kan burodinsu.

Sai na ji wani ɗan daɗi ya taso mini. Ga ƙato da farin gemu ana yi masa wayon yaye a tsakiyar kasuwa. Irin wannan taubashina zai iya shekara yana ci da ni, har jikokina su ji labari. Na tura masa tambulan ɗin.

"Kai mai warin kihi, ɗanɗana ka ji abin da manya ka sha."

Ya ɗauka ya kurɓa, ya riƙe a baki. Na ga gefen leɓensa ya motsa. Na san maganar ta zo masa, don na san fuskarsa in ta zo. Na zauna ina jira, kuma gaskiya ban taɓa son wani abu kamar yadda na so zagin nan ba, ko warkewa ban so haka ba.

Ya haɗiye. Ya dubi mai shayi, ya dubi ƙirjina, sannan ya mayar mini da tambulan da hannu biyu.

"Ya yi daidai, ɗan'uwa," in ji shi. "Sha sannu-sannu."

Na sha har ƙasa.

An yi damina da dama tun daga nan. Na koma fadama, ko da yake yara ke ɗaga injin. Duk lokacin da na je Sakkwato likita yakan ce zuciyata tana riƙe da kyau. Kowace safiya taubashina yakan miƙe ya ba ni wurin zama, ya tambaye ni kwanan jiki, ni kuma in ce da sauƙi.